Tafintan Bakin Kogin Talapusa

Koca Fiksiko bai taɓa neman zama tafinta ba. Yana saurayi ya bi wani farar fata mai fataucin fatun barewa, yana kora masa dawakai, a nan kunnensa ya tsinci yarensu. Da ya gaji da yawo sai ya dawo garinsu na bakin kogin Talapusa, ya auri Simahoye, ya tare a gidanta kamar kowane magidanci a ƙabilarsu ta Maskoki, yana noman masara da kamun kifi.

Ana nan sai wakilan gwamnatin fararen fata suka fara zuwa da maganar ƙasa. Dattawa suka tsayar da shi a tsakiyar dandali, tunda shi kaɗai ke jin bakin baƙin. Duk abin da suka zo da shi ta bakinsa yake fitowa: a bar gonaki, a bar kaburburan iyaye, a ƙetare babban kogi a koma yamma. Yakan sassauta murya, amma maganar ba ta sassautuwa. In dattawa sun ce ba za su tashi ba, ya mayar wa baƙi, su kuma su harare shi kamar shi ya ƙi.

Sannu a hankali mutane suka daina raba shi da saƙon. In ya doso inuwar da ake hira, sai kowa ya tuna da wani aiki. Abokan wasansa na da suka riƙa ce masa, "Mai baki biyu, yau da wanne za ka sha kunu?" Yakan yi dariya, ya wuce.

Wata rana ya dawo daga taro ya tarar da bargonsa da bindigarsa a ƙofar gida. Simahoye na dakan masara, ba ta ɗago ba.

"Ba ni na faɗa ba," in ji shi. "Faɗa mini aka yi."

"Na sani," ta ce. "Amma yara muryarka suke ji."

Ya kwashi kayansa ya koma gidan yayarsa.

Yarjejeniyar barin ƙasar ma can birnin gwamnati aka ƙulla ta, ba ya wurin. Bayan 'yan shekaru sojoji suka tasa mutane gaba. A hanya, in wani ya kwanta ciwo ko ana roƙon a tsaya a binne gawa, sai a aiko a kira shi. Ya je ya yi magana da sojoji, in buƙata ta biya a koma bakin wuta a bar shi tsaye.

Da suka isa yamma ya kafa bukka nesa da sabon dandali, bai ƙara furta kalma ɗaya ta yaren baƙi ba. Ko farar fata ya tare shi da tambaya, sai ya girgiza kai. Yayarsa ce ke kai masa kunu har ta rasu. 'Ya'yansa sukan leƙo shi jefi-jefi, su zauna kaɗan. A bukkar ya tsufa, yana saƙa tarkon kifi yana rabar wa duk wanda ya yarda ya karɓa.