Jan Maɗaurin da Na Bari a Cikin Laimar Baba

Shekarun baya can, tun ban yi aure ba, ina aikin rufe kwali a wani kamfanin alewa a Bompai, na taɓa yi wa mahaifina wata 'yar ƙarya da ban ɗauke ta a bakin komai ba. Saura ƙiris ta kwantar min da shi. Har yau in na tuna sai na ji kunya ta rufe ni.

Mahaifina tsohon soja ne, amma aikinsa a soja naɗe laima ne, laimar nan da sojoji ke goyawa a baya su diro daga jirgin sama. Da ya yi ritaya ya samu aiki a wani kamfanin ɗinkin tamfol a Challawa, shi ke duba ɗinki kafin kaya su fita, muka tare a Panshekara. Cikin abin da ya baro bariki da shi akwai wata tsohuwar laima da wa'adinta ya ƙare, aka soke ta daga aiki, aka bar masa ita. Ba mai sake dira da ita har abada. Amma je ku gaya wa Baba haka mana!

Duk bayan wata huɗu sai ya warware ta, ta sha iska, ya duba ta, ya sake naɗewa. Wai laima ba ta son dogon zama a naɗe, danshi na kama ta. Gidanmu ba shi da filin da za ta miƙe, don haka ranar Lahadi, da yake ba a aiki, yake zuwa kamfani ya yi amfani da dogon teburin yankan tamfol. Maigadin wurin amininsa ne tun bariki, mutumin Filato, tsohon sojan laima. Mu Kawu muke ce masa. Da ya taso daga coci zai buɗe mana ƙofa yana cewa, "Saje, an iso?" Baba ya ce, "An iso, Kofur." Kawu ya sha gaya min, "'Yata, sau nawa na faɗo daga sama da abin da hannun ubanki ya naɗe? Ga ni nan ina cin tuwo."

Ni kuwa tsokana ce aikina. In ce, "Baba, wai wa zai dira da ita ne? Ko daga saman katanga za ku gwada?" Sai ya yi murmushi ya ce, "Uwata, bakinki ya fi hannunki aiki." Uwata yake ce min, don sunan mahaifiyarsa na ci.

Yana da wani akwatin ƙarfe mai kayan aiki guda takwas: 'yan jakunkunan yashi huɗu na danne laimar, wani katako mai faɗi na gyara ninki, ƙugiya, wani abu kamar mataji na raba igiyoyi, sai wani jan maɗauri. Da maɗaurin ake ɗaure laimar a tsakiya don kada ta warware lokacin da ake cusa ta a jaka, kuma dole a kwance shi kafin a rufe. In aka bar shi a ciki laimar ba za ta buɗe ba, mutum zai taho ƙasa kamar buhun gero. Shi ya sa dokar aikin ita ce a ƙirga kaya kafin a fara, a ƙirga bayan an gama. In takwas ba su cika ba, a buɗe komai a sake daga farko. Bayan nan sai a cike wani kati da ke zama a aljihun jakar: rana, wanda ya naɗe, da wanda ya shaida ƙirga. Kawu ne mai shaidar.

To, a shekarar da nake ba ku labari yanar ido ta fara rufe idon Baba. A wurin aiki da yatsa yake bin ɗinki, kuma ba wanda ya taɓa kama shi da kuskure. Amma naɗin laima sai da ido, don haka mahaifiyata ta ce, "Ke ce babba, ki riƙa bin sa, ki zama idonsa." Haka na zama 'yar rakiya ba da son raina ba.

Wata Lahadi ta zo daidai da bikin ƙawata. Mai lalle ta ce in ban zo da la'asar ba, in nemi wata. Baba kuwa ko a jikinsa. Igiya ɗaya bayan ɗaya yake bi da yatsa, tun daga gindi har sama, yana shafa yadin yana neman inda ya lalace. Ni ina ta duba waya ina tsaki a ciki. Mun fara cusa ta a jaka ke nan aka kira sallah. Ya ce, "Uwata, kwance maɗaurin nan, bari in yi alwala." Na ce to, waya a kunne, ƙawaye na ta zuba min surutu. Don mu yi sauri sai na ƙarasa tura sauran laimar cikin jaka. Da ya dawo ya tambaya, "Kin kwance?" Na ce, "Na kwance, Baba." Wallahi a lokacin ko tambayar ban saurara ba.

Ya rufe jakar da ƙarfinsa, har da sa gwiwa. Aka zo ƙirga. Tunda idonsa ya yi rauni, ni ke miƙa masa kayan ɗaya-ɗaya, ya shafa, ya faɗi lamba, ya saka a akwati. Ina duban teburi na ga babu jan maɗauri. Yana ciki. In na faɗa, aikin awa biyu ne sabo, lalle kuma ya wuce ni. Kawu yana can bakin ƙofa. A ƙarƙashin teburin akwai guntayen maɗaurin tamfol zube, na sunkuya na ɗauki wani mai faɗi ɗaya da namu, na ɗora a tafin Baba. Ya shafa, ya ce, "Takwas. Alhamdulillahi." Ya kira Kawu ya sa hannu a kati. A hanya na zare guntun daga akwatin na yar. Na ce a raina, laimar da ba mai dira da ita, mene ne a ciki?

Lallen dai ya yi kyau, kada ku ce ban faɗa ba. Sati biyu ya goge, ni kuma na manta da zancen sam.

Bayan wata huɗu muka koma. Baba ya buɗe akwati ya ƙirga, ya samu bakwai. Ya sake, bakwai. Ya buɗe jakar ya fara jawo laimar, sai hannunsa ya tsaya a tsakiya. Ga maɗaurin nan ɗaure tamau. Ya daɗe yana shafa shi. Sannan ya laluba kujera ya zauna, ya ce a hankali, "Kofur, takwas na ƙirga. Da bakina na ce takwas." Kawu ya ce, "Haba Saje, tsufa ne, kowa yana yi." Ni ina tsaye a gefe. Na so in yi magana, tsoro ya hana ni. Ranar Baba bai naɗe laimar ba, a buhu ya sa muka cusa ta kamar tsumma.

Daga ranar gidanmu ya canza. Mutumin da ke cinye tuwo malmala biyu, sai ya taɓa ya ture. Ya daina sauraron rediyo. Da ya dawo daga aiki zai zauna a zaure ya zuba wa hannayensa ido. Mahaifiyata ta yi tambaya har ta gaji. Ni kuwa ina ta lallashin kaina cewa zai wuce, ai maɗauri ne kawai.

Ran Alhamis na taso daga aiki na tarar da Kawu a ƙofar gidanmu, zai tafi. Ya ja ni gefe ya ce, "'Yata, ki kula da ubanki. Ba maɗaurin nan ne ke cin sa ba." Sai ya ba ni labarin da ba a taɓa yi a gidanmu ba. Tun suna bariki akwai wani matashin soja da laimarsa ba ta buɗe daidai ba, ya rasu. Baba ne ya naɗe ta. An yi bincike, aka ce a karkace ya fita daga jirgi, igiyoyi suka harɗe shi, babu laifin mai naɗi. Kawu ya ce, "Amma kin san abin da ya riƙe Saje duk shekarun nan? Ba takardar bincike ba ce. Ya san ranar ya ƙirga takwas. Yanzu ya ga zai iya cewa takwas alhali bakwai ne. Jiya ce min ya yi, 'Kofur, anya ba ni na kashe yaron nan ba?'"

Na jingina da bango. Ban taɓa jin na tsani kaina irin na ranar ba. Duk da haka, ku ji rashin ta-ido irin nawa, sai da na ƙara kwana biyu ina juya yadda zan fara.

Ran Asabar da safe Baba ya kira ni zaure, ya ce in zo da biro da takarda. "Rubuta min takardar ajiye aiki. Wanda ba ya iya ƙirga takwas bai kamata ya riƙa duba aikin mutane ba." Na rubuta layin farko, hawaye ya ɗiga a kai. Na ajiye biron na durƙusa na ce, "Baba, ku yafe min. Ba ku ne kuka yi kuskure ba, ni ce." Na zayyana masa komai, tun daga waya har guntun da na tsinta a ƙarƙashin teburi.

Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Can ya ce, "Abin da kika sa min a hannu, faɗinsa ɗaya da nawa?"

"Ɗaya, Baba."

"To guda nawa suka shiga hannuna ranar?"

"Takwas."

"Takwas," ya maimaita. "Ashe takwas na ƙirga." Sai ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa na rawa. Ban taɓa ganin kukan mahaifina ba sai ranar. Yana kuka yana hamdala, yana yi wa sojan nan addu'a. Mahaifiyata da ke bayan labule tana jin komai ta fito da ludayi a hannu tana cewa, "Lalle? Saboda lalle kika kusa kashe min miji? Yau sai na karya ki!" Baba ya tare ta yana share ido yana dariya. Ya ce, "Ƙyale ta, ta faɗa ai. Akwai sauran tuwon jiya? A ɗumamo min."

Yana cin ɗumamen ya dube ni da idon nan nasa da ba ya gani sosai, ya ce, "Uwata, kullum cewa kike ba mai dira da laimar nan. To ga shi ni na dira da ita. Kwana shida ina tahowa ƙasa." Wannan maganar ta fi min duka zafi.

Horona shi ne washegari in naɗe ta ni kaɗai, daga farko har ƙarshe, yana zaune yana ba da umarni. Sau uku yana sa ni warwarewa. Kawu yana gefe yana dariya har da riƙe ciki, wai ko kurtu bai sha wahalar da na sha ba. Da na gama na ƙirga da ƙarfi, Baba ya shafa kowanne, ya karɓi katin ya kai shi dab da fuskarsa ya rubuta da kansa.

Daga baya aka yi masa aikin ido, ya dawo yana gani tangaran. Ya ci gaba da aikinsa a Challawa shekaru da dama. Na ɗauka tunda ido ya dawo, kuma ya san halina, zai sallame ni. Ina! Ko bayan na yi aure, duk wata huɗu sai ya kira ni. Ni ke miƙa kaya, shi ke faɗin lamba, kuma bai taɓa sake tayar da zancen ba.

Abin da na ɗauka daga wannan ba mai yawa ba ne. Na daina cewa ƙarya ƙarama ce, don ban san abin da wanda zan yi wa ya jingina a kan gaskiyata ba. A wurin aiki kuma, in na ce na duba, to na duba.

Bayan rasuwarsa laimar ta dawo hannuna. Da wata huɗu suka cika na kasa zama, na ɗauke ta a adaidaita sahu na tafi Challawa. Kawu ya tsufa, amma shi ya buɗe min ƙofa. Na zaro katin daga aljihun jakar, karo na farko da na taɓa karanta shi. A layin mai shaidar ƙirga sa hannun Kawu ne jere, har zuwa ranar da na yi ƙaryar. Daga Lahadin da na sha horo kuwa, har naɗinsa na ƙarshe, kalma ɗaya ce da rubutun Baba: 'yata.

Kawu ya leƙo ya ce, "Ai tun ranar ya sauke ni daga muƙamin. Na ce masa, 'Saje, wadda ta yi maka ƙarya?' Ya ce, 'Wadda ta dawo ta faɗa.'"

Na share fuskata, na buɗe akwatin. Kawu ya miƙo min tafin hannunsa, na fara ɗora masa kayan ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin lamba.