Ƙafar Baba Yakubu a Ofishin Haraji

Har gobe ranar da Baba Yakubu ya shigo ofishinmu na haraji a Kafanchan ba ta fita raina ba. Lokacin ina ƙaramar jami'a, ga rawar kai, ina ganin duk wanda ya zo gabana ɓarawo ne sai ya wanke kansa.

A watan Janairu kowane kamfani yake kawo bayanin albashin ma'aikatansa na shekara. Wani kamfanin sarrafa citta yana da asusun lafiya: ana cire wa ma'aikaci wani abu a albashi, kamfani ya ƙara nasa kason. A yadda muke aiki, abin da aka fitar daga asusun sai an nuna rasit ɗin magani, in babu mu ɗauke shi albashi, mu sa masa haraji.

Kowa da rasit ɗinsa, ban da maigadinsu, Baba Yakubu. Akantan kamfanin ya ce dattijon ya faɗi a babur ya karye, aka kai shi wajen mai ɗori a Samaru Kataf, aka biya da kuɗin asusun, su kuwa masu ɗori ba su san rasit ba. Na yi dariya a gaban jama'a, na ce wannan cuwa-cuwa ce, shi da dattijon sun raba kuɗin ne kawai.

Ashe maganar ta kai kunnensa. Washegari sai ga shi yana dogara sanda, ya sha mota tun daga Madakiya. Ya gaishe ni da ladabi, ya zauna a benci, ya naɗe wando. Ƙaurin ya ɗan karkace, ga shatin karan ɗori har lokacin bai ɓace ba.

"'Yata, harajin ki cire, ba komai," in ji shi. "Amma ni dattijon ikilisiya ne. An ce kin ce na yi sata. Ga ƙafan, ki duba shi."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini."

Na kai maganar wajen ogana, ya ce doka ba ta san mai ɗori ba. Da hannuna na buga hatimi, aka cire masa harajin.

Ku jami'ai da kuke tasowa, aikinmu ya ba mu ikon cewa babu rasit. Bai ba mu ikon kiran mutum ɓarawo ba.