Attahiru da Tabarau Lamba Goma

A unguwar Gidan Dahala duk wanda ke son aska takwas a babbar rigarsa, wurin Attahiru yake kai ta. Tun yana saurayi yake ɗinkin hannu, har furfura ta fara leƙo masa. Shekarun da ake ta maganar mulkin kai, sai ido ya fara yi masa gardama. Kullum yana ƙara nisanta riga da fuskarsa, har hannu ya ƙare.

Matarsa Hajjo ce ta gaji da zura masa zare a allura, ta ce, "Malam, ko dai ka tai wurin Audi mai tabarau, ko ka biɗo hannu mai tsawo."

Audi na da faifan tabarau a kasuwa, kowane da lambarsa. Ya ɗauki guda ya tara wa rana. "Ka ga wanga, lamba ɗaya na. Sai na ɗaga shi yadi guda da 'yan kai kafin haske ya taru wuri guda. Lamba biyu, rabin haka. Lamba huɗu, rabin rabi. Lamba na hawa, tazara na raguwa. Kai lamba biyu ta ishe ka."

Attahiru bai taɓa sayen ƙaramin abu ba alhali ga babba. "Wanne ya fi su duka?"

"Goma. Amma na masu gyaran agogo na."

"Ba ni shi."

Ya ƙwama shi ya kamo hanyar gida. Duniya ta koma kamar kunu. Ya yi wa turken jaki sallama, ya taka tallar gyaɗa, ya ba da haƙuri ga katanga. A zaure kuwa, sai da hancinsa ya taɓa riga kafin ya ga zare. Hajjo ta leƙo, ta yi dariya har ta zauna ƙasa.

Washegari ya koma, kansa a sunkuye. Audi ya miƙo masa lamba biyu.

Da ita ya ɗinka rigunan da manyan unguwa suka sa ranar bikin 'yancin kai, a 1960. Shi kansa a tsohuwar taguwa ya je kallo, don aikin mutane bai bar shi ya ɗinka tasa ba. Ya tsaya bakin hanya yana nuna wa kowa, "Waccan ma ni na yi ta."