Tafiyar da Kawu Ɗanlami Ya Zuba Sifili

Kagara

Ana sallame sallar asuba muka nufi tasha, ni da Kawu Ɗanlami, ƙanen mahaifiyata, tsohon hedimasta. Wani gidan talabijin a Minna ne ya gayyace shi gasar kacici-kacici, irin wadda a zagayen ƙarshe kowa ke zuba wani abu daga makinsa kafin ya ji tambaya. Ka ci a ƙara maka, ka faɗi a kwashe.

Shekara da shekaru Kawu na kallon shirin nan a majalisar ƙofar gidansa, kuma duk wanda ya zuba kaɗan sai ya nuna shi da sanda ya ce, "Matsoraci." Ana gobe za mu tafi har ya dafa hularsa gaban jama'a, ya ce in bai zuba duka ba, kada a sake barinsa ya buɗe baki a majalisa. Abokinsa Malam Audu tela ya ce an shaida.

Tegina zuwa Zungeru

Motar tamu ta cika maƙil, gwiwata na cikin buhun wani. Kawu ya kama kujerar gaba, ya buɗe wa direba aji. Kafin mu wuce shingen sojoji na Tegina har bawan Allah ya haddace dokokin gasar.

"Baba, to wannan ba caca ba ce?" in ji direba.

"Maki ne, ba kuɗin kowa ba. Kai dai dubi ramukan gabanka."

A Zungeru muka tsaya na sayo soyayyen kifi da doya. Kawu ya ce ba ya jin yunwa, shi da bai taɓa barin kifi ya wuce shi ba. A nan na fara zargin tsoro ya kama shi.

Minna

Mun sauka unguwar Maitumbi gidan 'yarsa Ladi, ya yi wanka ya zura babbar riga, muka hau Keke mai ƙafa uku zuwa gidan talabijin, wajen Tunga. Ni aka ba ni kujera cikin 'yan kallo. Abokan karawarsa biyu ne, wata ma'aikaciyar jinya daga Bida da wani ɗalibi mai rawar kai.

Gaskiya Kawu ya burge ni. Tarihi, lissafi, sunayen koguna, duk ya share. Kafin zagayen ƙarshe makinsa ya fi ninkin na mai bi masa, ma'aikaciyar jinyar nan, wato ko ita ta zuba duka ta ci, ba za ta kamo shi ba, muddin shi ya zauna lafiya bai zuba komai ba. Sai mai gabatarwa ya ce fannin tambayar ƙarshe shi ne mawaƙan zamani.

Kawu kuwa mutum ne da ke kashe rediyo in an sa kiɗa. Na ga ya goge gumi, ya taɓa hula, ya daɗe da alli a hannu kafin ya rubuta abin da zai zuba a allo. Wallahi sai da ya ba ni tausayi.

Aka yi tambaya, amsarsa ko kusa ba ta yi daidai ba. Mai gabatarwa ya ce, "Baba, mu ga abin da ka zuba." Kawu ya juya allo a hankali. Sifili ne, ɗan ƙarami kamar ƙwayar gero, ya ɓoye shi can a kusurwa. Aka tafa, aka ce shi ne zakara, aka miƙa masa ƙatuwar talabijin.

Komawa gida

Washegari muka kamo hanya, talabijin a kan cinyoyinmu. Muka iso Zungeru. Nan Kawu ya juyo ya ce, "Bala, in an tambaye ka, mun ci. Ba sai ka yi dogon bayani ba."

Na yi shiru kuwa, amma ranar da aka nuna shirin, a sabuwar talabijin ɗin aka kalla, sifilin nan ya fito ya kusa kai faifai. Malam Audu ya ari sandar Kawu ya nuna shi da ita.

Sati ya zagayo, wani yaro ya zuba kaɗan a gasar, duk majalisa ta juya ga Kawu. Malam Audu ya ce an yafe masa, ya yi magana. Kawu ya gyara hula ya ce, "Yaron nan yana da hankali."

Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, mun gode wa Ladi da tuwonta.