Ni da Surukina a Bakin Dodo

Shekara bakwai ina auren 'yarsa, surukina bai taɓa ganin ina tauna abinci ba. In zan gaishe shi sai na cire takalmi na durƙusa, ido a ƙasa. To wannan mutumin na rako birnin Guangzhou na ƙasar Sin sayen kekunan ɗinki, don gyaransu ne sana'arsa a Kano.

Da muka gama sayayya, mai shagon da nake sarin kaya wurinsa a unguwar Sanyuanli ya ba mu tikiti biyu na wani wurin wasa. Na so in yi shiru da su, amma Baba, surukin nawa, ya riga ya gani.

Da muka je, a bakin wani layin 'yan kallo muka tarar da dodon ƙarfe, tsayinsa ya kai bene, an lulluɓe shi da fatar roba. Yana lumshe ido, yana wage baki, cikinsa na hawa da sauka. Baba ya ja ya tsaya.

"Wannan muƙamuƙin, bel ne ke jansa ko iska?"

"Ban sani ba, Baba."

"Ai akwai wasu a ciki. Mu je mu gani."

Mun zaci abin da ake wa layin ɗan jirgi ne mai zagayawa da 'yan kallo a hankali. Sai da layi ya yi nisa na fara jiyo ihu daga bayan ginin. Ni da ko tsani ba na hawa! Amma da wane bakin zan ce wa surukina ina jin tsoro? Na roƙi ma'aikaciyar wurin da hannu ta raba mana kujera. Ta ce "meyo", wato babu. Ta karɓe hulunanmu, ta danna mana ƙarfe a kafaɗa, ga ni kai ba hula, gwiwata na gogar ta Baba. Addu'ata ɗaya ce: in ma mutuwa zan yi, in mutu baki a rufe.

Jirgin ya shiga duhu sannu a hankali. Ƙananan dodanni suna leƙowa, Baba yana ta cewa, "Ikon Allah, dubi wuyan!" Ashe dabarar ke nan, a ɗauke maka hankali da kallo alhali ana ta hawa da kai sama. Kwatsam wani ƙato ya zuro kai daf da fuskata ya huro min iska mai ɗumi, jirgin kuma ya sulmiyo ƙasa.

Na kurma ihu. Na kira Innata. Na ƙwala sunan matata har sau uku, sunan da Baba kansa ba ya faɗa saboda 'yar fari ce.

Da muka sauko, kunya kamar in nutse. A bakin fita ga allo yana nuna hotunan mahaya. Ga ni nan baki a wage, na shaƙe wuyan rigar Baba da hannu biyu. Na ga ya kalla. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai ce.

Ya juya wa allon baya, ya karɓo hulata ya miƙo min.

"Ina jin iska ce ke jansa," in ji shi. "Sai dai ihun mutanen garin nan ya hana ni jin komai."

Har yau bai ƙara tada zancen ba. Ni kuwa in na durƙusa gaishe shi, wuyan rigarsa nake gudun kallo.