Matar da Ta Ɓace a Motar Baffa

Duk sanda na ji gurnanin tsohuwar akori-kura tana faman hawa tudu, baffana nake tunawa, ƙanen mahaifinmu, mai jigilar hatsi tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi.

Wata ranar kasuwa cikin damina, lokacin da gero ya fi mutum tsawo, ya faɗo gida bayan la'asar ko sallama babu. Ya zauna bakin rijiya ya ce aljana ya ɗauko. Wai wata mata ce goye da yaro ta tsayar da shi a inda babu gida babu bukka, ya sa ta gidan gaba. Can ya waiwaya, sai kujera wayam, ƙofa kuma a rufe.

Matan gida suka ɗauki salati. Kakarmu kaɗai ta ci gaba da tsintar wakenta, tana kallonsa ta ƙasan ido. Ni ma, duk da ƙuruciyata, na lura tuwon ranar har ƙari ya nema.

Kashegari maza uku suka zo kan babura. Matar ɗan'uwansu da ya rasu suke nema. Ta gudu da ɗanta, su kuwa yaron suke so, da shanun da uban ya bar masa. An ce musu an ga ta shiga motar Baffa. Ya maimaita musu labarin a zaure, bai ƙara ba bai rage ba. Babbansu ya dube shi ya ce, "Malam, ka iya rantsewa?"

Kafin Baffa ya buɗe baki, Kaka ta ɗaga murya daga tsakar gida: "Ɗan nawa da ya kwana yana firgita za ku sa rantsuwa? Ku je ku nemi taku, wannan ba mutum ba ce!"

Alhali duk gidan mun ji minsharinsa.

Suka tafi ba don sun gamsu ba. Sun yi ta sintiri a tasha har aka yanke gero, ba su samu komai ba sai labarin, wanda a lokacin har an ƙara wa matar kofato.

Bayan Baffa ya tsufa, idanunsa sun dushe, na ce masa, "Baffa, tsakani da Allah, ina ka sauke ta?"

Ya jima yana murza gemu. "Na ce na waiwaya ban gan ta ba," in ji shi. "Ban taɓa cewa ban tsaya ba."

Ka san yadda hanyoyinmu suka koma yanzu. An daina tsoron aljanu, masu bindiga ake tsoro. Direbobi ba sa tsaya wa kowa a daji, kuma ban ga laifinsu ba. Sai dai nakan rasa inda mace irin waccan za ta dosa a yau.