Waƙar Yaya Isuhu Da Sunan Wani A Kanta

Shekara biyar ke nan cif da rasuwar yayana Isuhu, wanda yaran wani ƙauye a kan hanyar Sassumbrum suka sani da Mushe Isuhu, wato malaminsu na boko. Sanƙarau ne ya ɗauke shi cikin kwana uku, ana tsakiyar bazara. Amma ni idan na zauna tuna yadda muka rasa shi, ba daga ranar nake farawa ba. Ina farawa ne daga ƙarfe huɗu da minti goma na yammacin wata Alhamis, shekara ɗaya da rabi kafin rasuwar. Na san lokacin daidai domin agogonsa yana hannuna. Ya cire ya ba ni saboda yana bugun jikin gita yana ɓata sauti.

Duk mai rediyo daga Damagaram zuwa Kano ya san "Alhamis Ta Yi Nisa". Kun ji ta a motar kasuwa, kun ji ta a gidan biki bayan an gaji da rawa. An gaya muku ta Lawali ce, kuma hotonsa ne a kan faifan. Ba tasa ba ce. A gabana aka yi ta, da hannuna aka rubuta ta, kuma ga yadda aka yi.

Shekarar da aka tura Yaya ƙauyen nan, matarsa Rabi ta koma gidan mahaifinta a Magariya don haihuwar fari, kamar yadda aka saba. Alhamis ce ranar da ba a lakwal, wato ba a zuwa makaranta. Ranar ce yake hawa ɗan babur ɗinsa mobilet ya keto rairayi ya zo gari, ya tsaya a ƙofar gidan surukansa kamar baƙo, a ba shi minti kaɗan da matarsa, gwaggonta na zaune a gefe tana kaɗi. Daga nan ya dawo gidanmu ya ɗauki gitar da ya saya hannun wani ɗan duwan, ma'aikacin kwastan, da aka canza wa wurin aiki. Yana da faya-fayen Turawa guda huɗu da 'yan kasuwa suka kawo masa daga Kano, irin masu sanyin nan, mutum ɗaya da gita da murya ƙasa-ƙasa. Ba ya jin Ingilishi. Ya ce ba ya bukata, ya gane mutumin kewar wata yake yi. Ya ce makaɗanmu sun yabi sarki, sun yabi mai dukiya, sun yabi wuyan budurwa da fararen haƙoranta, amma ba wanda ya taɓa yi wa mijin da ke ƙirga kwanaki waƙa.

Wata uku ya yi yana gina ta. Ni ce mai kwafa, domin rubutunsa in ba a kan tabulo ba, allon aji, ba ya karantuwa. Ina kwaleji a lokacin, ina da shekara goma sha biyar. Sau goma sha ɗaya na sake rubuta ta a kayen lakwal, littafin rubutu mai shuɗin bango, duk ranar da ya canza wani abu in sa lamba a saman shafin. Mako guda ya yi yana kai-kawo tsakanin "ina jira" da "ina dako" a baiti na biyu. A ƙarshe ya ɗauki "dako", ya ce jira kowa na yi, dako kuwa sai wanda ya kafe wuri ɗaya. Lawali yana rera kalmar nan yau a gaban ɗaruruwan mutane, bai san an taɓa yin shawara a kanta ba.

Lawali abokin Yaya ne tun bencin lakwal. Ya bar karatu da wuri, ya buɗe rumfar gyaran rediyo a bakin kasuwa. A akushin innarmu ya girma, yana kirana Auta kamar yadda 'yan gidanmu ke yi. Ba zan hana shi abin da Allah ya ba shi ba: yana da murya. Muryar Yaya kuwa rawa take yi idan mutane sun fi uku, shi ya sa idan za a rera waƙar Yaya ke kaɗawa, Lawali na rerawa.

Ranar Alhamis ɗin wani ma'aikacin gidan rediyo ya sauka Magariya da na'urar ɗaukar murya, yana bin garuruwa yana tara waƙoƙi. Aka zauna ƙarƙashin itacen bedin da ke gaban rumfar Lawali, mutane suka kewaye. Sau biyu aka ɗauka. Da aka gama, mutumin ya zaro bik na rubutu ya buɗe littafinsa.

"To, wa ya tsara ta? Sunan wa zan sa?"

Daidai lokacin Yaya ya ɗaga kai ya ga Malam Abdu, mahaifin Rabi, tsaye a bayan mutane da carbi a hannu. Daga sallar la'asar yake. Wanda ya tashi a wata ƙasa zai iya cewa meye a ciki. Mu mun sani. Mutumin da ba ya cin abinci a gaban surukinsa, wanda ke sake hanya idan ya hango shi, ta yaya zai miƙe cikin kasuwa ya ce shi ya yi waƙar begen 'yarsa, tana ɗakin uwarta tana wankan jego? Ga shi ɗan liman, ga shi mushen gwamnati, ba wanda ya taɓa riƙe abin kiɗa a danginmu. Yaya ya sunkuyar da kai, ya nuna Lawali da haɓa.

"Tasa ce."

Lawali ya yi dariya ya dafa ƙirji. Mutumin ya rubuta. Na ga bik ɗin yana tafiya, kayen yana kan cinyata, ban ce uffan ba. A lokacin ko gaisuwar baƙo sai na haɗa gumi nake amsawa. Wannan kason laifin nawa ne, kuma ban taɓa sauke shi ba.

Da aka fara sa ta a rediyo dariya aka yi. Wata maƙwabciyarmu ta ce wannan waƙa ce ko jinya, ba ganga, ba inda mutum zai sa ƙafa. Ba a yi wata biyu ba labari ya sake. Shekarun fari ne, maza sun watse Najeriya neman abin da za a ci, sai ga wasiƙunsu a shirin gaishe-gaishe, kowa na roƙon a sa wa maiɗakinsa ita. Mazan da ba za su iya furta kalma ɗaya mai taushi a gaban matansu ba sun sami wadda za ta faɗa musu. Maƙwabciyar nan tamu da kanta na ji tana rera ta a bakin turmi.

Lawali ya tsallaka Kano, aka buga masa faifai, aka ƙara ganga da molon Turawa mai lantarki. A hoton yana sanye da wando mai faɗin ƙafa, yana rungume da gitar Yaya da ya ara, alhali a lokacin bai san inda ake ɗora yatsa ba. Wata rana aka yi hira da shi a rediyo, ya ce a mafarki waƙar ta zo masa, saboda wata 'yar Kano da ta ƙi shi. Yaya na zaune a tsakar gidanmu yana duba kayen ɗalibai.

"Yaya, ka ji abin da ya ce?"

"Na ji, Auta. Miƙo mini jan bik."

Iyakar abin da ya taɓa faɗa ke nan a gabana. Da ya rasu, mutanen ƙauyen da yake koyarwa sun zo ta'aziyya a ƙafa. Lawali bai zo ba, bai aiko ba.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yau. Samarin Magariya suna yawo da gita a kafaɗa, har da 'ya'yan malamai, ba mai kallonsu sau biyu. Ina jin zai yi murmushin nan nasa na gefen baki, ya ce da ya jinkirta zuwa duniya kaɗan. Na kuma san abin da zai ce da ni: in bar maganar, waƙar ta isa inda aka aike ta, Rabi ta san tata ce. Shi mai haƙuri ne. Ni ban gaji wannan ba. Shiruna ne ya sa ake zaton ina da shi.

Tun da na zo makarantar horon malamai a Damagaram na rubuta wa Lawali wasiƙa tara, kowace na ajiye kwafinta. Bai amsa ko ɗaya ba. Gidan rediyo sun amsa cikin ladabi, suka ce abin da ke littafinsu shi ne abin da aka faɗa a gaban jama'a, kuma gaskiyarsu ne. Da na so in haƙura. Sai a hutun da ya wuce na iske Zuwaira, 'yar da aka haifa a wancan jegon, ta shiga lakwal bana, tana wanke allonta tana rera baiti na biyu. Na tambaye ta waƙar wa ce. Ta dube ni kamar na tambaye ta sunan garinmu, ta ce ta Lawali mana.

Cikin makon Lawali ya zo wasa Magariya. Da hantsi na same shi a tasha, jingine da motarsa, samari na kewaye da shi.

"A'a, Auta ce ta zama madam haka? Har da tabarau."

"Wasiƙa tara na aiko maka."

"Kin san mu, yau Kano, gobe Maraɗi. Ina Inna?"

Na miƙa masa kayen. Ya dubi bangon, bai taɓa ba. Ya ja ni gefe, ya rage murya.

"Ke yarinya ce lokacin, ba ki san komai ba. Ni da Isuhu mun yi magana. Cewa ya yi kar sunansa ya fito muddin surukinsa na numfashi. Tsohon yana nan garau. Amana nake riƙo. Ko so kike in kunyata mamaci?"

Abin da ya fi ƙona ni shi ne, mai yiwuwa Yaya ya faɗi haka. Irin maganarsa ce. Amma amana ba ta ce ka ƙirƙiro mafarki da 'yar Kano ba, Lawali. Ba ta ce ka riƙe gitar ba. Ba ta hana ka zuwa ka durƙusa gaban matar da ta ciyar da kai ka ce mata sannu da rashi ba. Ba na yi maka fatan mutuwa ko talauci. Fatana ka yi tsawon rai da muryarka lafiya lau, duk garin da ka sauka a roƙe ka waƙar nan, kuma duk lokacin da ka buɗe baki ka hango wani a cikin taron riƙe da wannan jarida.

Idan na auna abin da ya rage na Yaya, ba kaɗan ba ne. Akwai yaran ƙauye da ke karanta wa iyayensu wasiƙa saboda shi. Akwai Zuwaira da goshinsa. Akwai waƙar da za ta fi mu duka daɗewa. Sunan ne kawai babu, kuma Lawali ya ce mutum ɗaya ne ya tare hanyarsa.

Kwana uku ina wucewa ta ƙofar Malam Abdu ina kasa shiga, domin surukin yayanka surukinka ne. Rana ta huɗu na yi sallama, na durƙusa a bakin zaure, na faɗi komai idona a kan tabarma, tun daga agogon har zuwa tasha. Na ce ina so in rubuta a jarida, amma idan zai zama abin kunya gare shi da gidansa, zan mayar da kayen akwati. Ya ja carbinsa zuwa ƙarshe. Sannan ya ce:

"Yarinya, kina tsammanin rana ce ta tsayar da ni a wurin? Tun daga masallaci na jiyo, na san wa ya yi ta, na san wa aka yi wa. Tsayawa na yi in ji ƙarshenta. Shi ya ji kunyata, ni na ji tasa, ɓarawo ya wuce ta tsakaninmu. Je ki rubuta sunan mijin 'yata da manyan baƙi. Na wancan ma kar ki bar shi."